Roba ko azurfa?

Yau na raka yayana wurin wani maƙerin farfaru a cikin birnin Katsina, zai sayar da kwabonsa na azurfa, Silver Eagle na Amurka, mai giram 31.1. An aika shi NGC, kamfanin tantance kwabbai na Amurka, sun ba shi maki 69 cikin 70, suka like shi cikin roba. Dattijon ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, fasa robar nan in ɗora a sikeli, ni nauyi nake saya." Yaya ya yi shiru. Wallahi sai da na ji tausayinsa, don na san abin da ya biya na tantancewa da aikawa.

Irin wannan kwabo miliyoyi ake bugawa duk shekara, akasarin waɗanda aka tantance 69 ko 70 suke samu. Da tsohon kwabo ne mai wuyar samu, da na gane. Amma wannan, gara da ya ƙara azurfa da kuɗin tantancewar.