Kwafi uku, duk suka tafi a dare guda

Shagon buga takardu gare ni a Mabera, nan Sakkwato, da kwamfuta uku da na haɗa da igiyar waya ta rauta guda, wato na'urar da ke sada kwamfutoci da juna. Yawancin aikinmu kundin ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo ne, wanda mutum zai yi wata shida yana kai wa malaminsa, ana gyara, yana dawowa.

Ni da kaina na tsara Robocopy, wata manhajar kwafar fayiloli ta Windows, ya riƙa kwafar babbar folda daga kwamfutar gaba zuwa sauran biyun kullum ƙarfe tara na dare, kafin a kashe janareta. Har alfahari nake yi wa maƙwabta wai aikina yana wuri uku. Na ƙara masa umarnin /MIR don ajiyar ta zama daidai da asali. Ashe abin da wannan ke nufi, duk abin da aka share a gaba, shi ma zai bi ya share shi a baya, kuma ba ya biyawa ta kwandon shara na kwamfuta, inda ake iya maido da abin da aka goge.

Wata Laraba yaron shagona ya ga faifai ya cika, ya goge foldar da ya ɗauka ta bara ce, ya zubar da kwandon. Ta bana ce. Ƙarfe tara na yi, na'ura ta cika aikinta.

Da safe wata ɗaliba ta zo karɓar babi na huɗu. Na buɗe kwamfuta ta farko, wayam. Ta biyu, wayam. Kafin na kai ta uku gumi ya jiƙa min riga.

"Maigida, mi ya faru?" in ji yaron. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna wa ya rubuta /MIR ɗin.

Wani tsohon faifan waje da na manta a gida tun wata biyu shi ya rufa mana asiri. Sauran muka bi ɗalibai suna turo abin da ya rage musu a WhatsApp, wasu muka sake bugawa daga takarda, kyauta, har mako biyu.

Yanzu kowane dare foldarsa daban, da kwanan wata a jikinta, ba a taɓa ta sai ta kwana talatin. Faifan waje ina kwafa ranar Juma'a, in zare shi, in tafi da shi gida. Kundin da aka kammala yana hawa Google Drive, don giga 15 na kyauta ya ishi takardun Word. Kafin in rufe shago kuma sai na buɗe fayil ɗaya daga ajiyar na gani da idona. Wancan /MIR kuwa, ko a wayar wani na hango shi sai gabana ya faɗi.