Jana'izar dare a Birnin Ƙudus

Kwana uku ke nan da dawowata daga Birnin Ƙudus, amma har yanzu jana'izar Yahudawa da na halarta a maƙabartar Har HaMenuhot ba ta bar raina ba. Maƙwabcin mai masaukina ya rasu da la'asar, ƙarfe goma na dare muna bakin kabari. Al'adar Yahudawan birnin ke nan, gawa ba ta kwana sai in Asabar, ranar hutunsu, ta shiga. Nan take na tuna gida.

A ƙofar maƙabarta wani mai gadi ya daka mini tsawa, don na ɗaga waya, kaina kuma ba hula. Kafin in buɗe baki, wani dattijo ya zaro 'yar hularsu, kipa, daga aljihu ya ɗora mini. Ashe ɗan Hebra Kadisha ne, ƙungiyar da ke wankan gawa da binnewa, shi ya riƙa yi mini bayani har aka tashi.

Wankan suna ce masa tahara. Maza su wanke namiji, mata su wanke mace. Bayan an tsabtace jiki, a kwarara ruwa awo tara na ma'auninsu, kab, daga bokiti uku. Kafin na farko ya ƙare dole na biyu ya fara zuba. Ruwan ya yanke, sai a sake daga farko. Likkafani fari ne, ba aljihu, na attajiri da na talaka duk ɗaya. Ba akwati. A makara aka ɗauko shi, aka kwantar a rami, aka jera faifan siminti a sama kamar yadda muke jera itace, sannan ƙasa.

Ɗan mamacin ya yaga rigarsa kimanin faɗin tafin hannu ta hagu, saitin zuciya, domin uba ne ya rasa. Da ɗan'uwa ne ko mata, ta dama za a yaga. Wanda ya zuba ƙasa ba ya miƙa wa na kusa shebur, sai ya kafa shi a tarin ƙasa, wani ya ɗauka da kansa. Addu'ar Kadish ba a karanta ta sai maza goma sun cika. Mai ziyara yana ajiye ɗan dutse a kan kabari, in zai fita ya wanke hannu, ba ya gogewa.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne kuɗin kabari. An buɗe maƙabartar a 1951, lokacin Dutsen Zaitun, inda tsohuwar maƙabartarsu take, yana hannun Jodan, yanzu ta cika har ana gina kaburbura hawa-hawa, a 2019 kuma aka buɗe na ƙarƙashin dutse. Inshorar ƙasa ce ke biyan binnewa, amma mai son zaɓen wuri kusa da matarsa sai ya zube dubban shekel, kuɗin Isra'ila. Mu da ake haƙa wa mutum kabari saboda Allah, wannan ya yi mini nauyi.

Washegari muka je zaman makoki, shiba, na kwana bakwai. Masu makoki suna kan kujeru 'yan tsugune, an lulluɓe madubai, ba takalmin fata, ba aski. Abincin farko maƙwabta ke kawowa: burodi da dafaffen ƙwai. Inda Bahaushe zai yi tuntuɓe shi ne gaisuwa. Bakina ya cika da “ya haƙuri”, mai masaukina ya dafa ni. Ba a fara magana sai mai makoki ya fara. Muka zauna shiru kusan minti goma, sannan ɗan ya soma ba da labarin mahaifinsa, ya yi ta yi ba wanda ya katse shi. Sai za a tafi ake cewa Allah ya sanyaya muku. Wannan ladabin ya burge ni ƙwarai. Bayan kwana talatin za su kafa dutsen kabari, ɗan kuma zai yi ta Kadish wata goma sha ɗaya.

Sauran kwanakin na leƙa Tekun Gishiri da garin Yafa. Ranar Alhamis na kamo hanyar gida.