Inda faɗuwar gaba take kwana a fim

Shagona ɗaki ɗaya ne a Jidda, kwamfuta biyu da yaro ɗaya, sana'armu editin, wato yanka da haɗa bidiyo. Bidiyon biki ke ciyar da mu, amma abin tinƙahona shi ne gajerun finafinai masu sa faɗuwar gaba da samarin Hausawan nan ke ɗauka su kawo in haɗa. Tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a 2018 kowa ya zama darakta.

Kafin in taɓa kwamfuta, kakata ce ta fara koya min aikin nan. Idan tana tatsuniya a Makka, ba ta fito da Dodo da wuri. Sai ta sanar da mu yana bakin rafi, sannan ta tura yarinya ɗibar ruwa, ta tsaya gyara ɗankwali, mu kuwa kamar mu yi fitsari a wando. Sai da na girma na ji Alfred Hitchcock, Baturen daraktan da ya shahara a finafinan faɗuwar gaba, ya yi wannan bayani da bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, razana ce ta 'yan daƙiƙu, in kuwa ka nuna wa mai kallo shi tun farko, hirar banza ma sai ta hana shi ƙiftawa. Tsohuwa ba ta san Bature ba, amma layinsu ɗaya.

Da wannan nake yanka. A fim, daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce, kuma nakan kwana a kan shida daga ciki. Hannu ya kama mariƙin ƙofa, in yanke zuwa fuskar matar da ba ta san komai ba, in koma ƙofar, in daɗe fiye da yadda ido ke so. Makullin da zai ceci jarumi a ƙarshe dole a gan shi tun farko, a gefen hoto, inda ba wanda zai kula. Wanda ake zargi kuma a bar shi ya yi ta zare ido, mai laifin yana can yana zuba shayi. Kiɗa? Daf da tashin hankali nake ɗauke shi, in bar ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da numfashi.

Nan ne masu editin a waya ke ƙona min rai. Su lafta ganga tun daga sin na farko, su karɓi kuɗin cefane, sai ga kwastoma ya zo yana cewa, "Haba Malam, ai wancan rabin kuɗinka ya ce." Wani yaro haka ya tafi da aikinsa. Bayan sati biyu ya dawo, wai abokansa dariya suka yi ta yi a wurin kisan. Na ce ya jawo kujera, muka soma daga ƙofar.