Liyarin Kaka da Sulallan da Na Dirje

Ranar da aka fito da kayan marigayiya kakarmu a Tudun Wada, ba wanda ya kula da wata tsohuwar jakar fata a ƙasan adudunta sai ni. A ciki akwai tsofaffin kuɗin azurfa: liyari biyu, sulalla shida da fataka ɗaya (wato kuɗin sule biyu), duk sun yi baƙi ƙirin. Da na ga 1780 a jikin liyarin, na ce shi ke nan, kakata ta yanke saƙa.

Tun a daren na samo toka da lemon tsami na dirje sulallan har suna ɗaukar ido. Fatakar ta tsira ne kawai don lemon ya ƙare.

Washegari na kai wa wani dattijo maƙerin fari a cikin birni. Ya juya sule ɗaya a tafin hannunsa, ya ɗago kai.

"Yaro, wa ya aike ka wanke su?"

"Baba, ai datti ne."

"Dattin nan shi masu tara su ke saya."

Ya nuna mini zanen da toka ta yi a fuskar Sarki Joji na biyar, da ganyen bishiyar kwakwar da ke bayan sulen. Yanzu kuɗin nauyinsu kawai zan samu. Liyarin ma ya sanyaya mini jiki. Matar da ke jiki, Mariya Taresa ta Ostiriya, ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har zamaninmu. Ya ɗora a sikeli, giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfar ciki kashi 83 cikin ɗari. Ɗayan kuma an liƙa masa kunne don a zura a wuya, ya zama kayan ado.

Daga nan ciwon tara tsofaffin kuɗi ya kama ni, na shiga bin masu tsofaffin kaya a kasuwar Sabon Gari. Shekara nake fara dubawa. Sulen Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne kashi 92.5, nauyinsa giram 5.66. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, sannan aka koma tagulla. Wasu na da ƙaramin harafin H, alamar an buga su a Bamingam.

Sau ɗaya na sha kamu. Na sayi fatakar Ingila ta 1948 don mayen ƙarfe bai kama ta ba, na ɗauka azurfa ce, alhali tun 1947 suka daina sa azurfa. Da na sake ta a kan siminti tun a wurin, da na ji ƙararta ba ta da dogon amon azurfa.

Fatakar Kaka kuwa tana nan a cikin ambulan da baƙinta. Mutum biyu sun taya, na ce albarka.