Takardar inshora da abin da ke bayanta

Yawancin 'yan kasuwar da na sani a Zariya sun ɗauki inshorar mota takardar wucewa ce kawai. Direba ya iso Kwangila ko Ɗan Magaji, jami'i ya ɗaga hannu, a miƙa masa ledar takardu, ya duba ya maido, shi ke nan. Ni kuwa takardun motocin wani gidan sarin hatsi da taki nake riƙewa a Sabon Gari, kuma aikin ya nuna mini cewa takardar ba ta fara aiki sai ranar da motarka ta bugi ta wani. A ranar ake gane wadda kamfanin inshora ke bayanta da wadda aka buga a shagon kwamfuta.

Ta jabu ba ta da alama a ido. Tambari na nan, sa hannu na nan, wani sa'in ma ta fi ta gaskiya kyau. Masu shawagi a bakin ofisoshin lasisi sukan haɗa ta da sauran takardu a kuɗi ɗaya, mai mota bai ma san nawa aka ware mata ba. Shi ya sa ba na sallamar kowa sai na danna *565*11# a waya, na sa lambar motar, na ga ta fito a rumbun bayanan NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa. Daga nan in fita da takardar zuwa jikin motar, in goge ƙurar da ta rufe lambar shasi, in bi ta harafi bayan harafi. Sunan mai mota ma abin dubawa ne, don in ka sayi ta hannu, inshorar tsohon mai ita ba ta biyo ka haka kawai. Rasit kuma ina adana shi, saboda ƙa'idar ita ce in kuɗi bai shiga ba, babu kariya. Tun da 'yan sanda suka tsananta bincike a ranar 1 ga Fabrairu 2025, direbobinmu sun daina ce mini ina da ƙaƙale.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rukunin da aka yi wa mota rajista. Farashin inshorar tilas da hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade daga 1 ga Janairu 2023 ya bambanta su sarai. Motar gida naira 15,000 ce a shekara, kuma ana biyan ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita kaɗai 20,000, iyakarta miliyan 5. Babbar motar da ke dakon kayan mutane kuwa 100,000 ce, ita ma miliyan 5. Tazarar 80,000 ɗin nan ce ke jan mutane su rubuta cewa motar kayansu kaɗai take ɗauka.

To, wane direba ne zai sauke masara a Dawanau ya juyo Zariya da mota wayam? Zai sami lodi, ko buhunan wani ko siminti, ya karɓi kuɗin dako, wani lokaci da sanin maigida, wani lokaci ba da saninsa ba. A jikin takardar akwai 'yan layukan da ke faɗin irin aikin da aka yarda motar ta yi, kuma ta kayan kai ba ta haɗa da haya ba. In tsautsayi ya faɗa a wannan dawowar, kamfanin na da hujjar noƙewa. Da na kai wa maigidanmu wannan magana, cewa ya yi, "Malam, shekara nawa muna yi ba abin da ya faru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma dakon da motar ke yi a wata ɗaya ya biya bambancin." Ya yi shiru, washegari ya ce a canza wa manyan motocin rukuni. Haka batun wanda ke riƙe da sitiyari: inshorar ta rataya ne a kan direba mai lasisi, ba yaron mota da aka ce ya gyara fakin a kasuwar Giwa ba.

Kada kuma a manta, wannan inshora ta tilas don wanda ka yi wa ɓarna aka yi ta. Motarka da ta lotse ba ta ciki, buhunan da suka zube a kwalta ma ba sa ciki. Gyaran motarka sai cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar miliyan 20 za ta ci miliyan 1 a shekara. Kaya kuma nasu daban ne, inshorar kayan da ke kan hanya, kuma ita ce manyan kamfanoni ke cewa a nuna musu kafin su ba ka kwangilar dako. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi cancanta ga mai hatsi, don sau da yawa lodin da ke bayan tsohuwar mota ya kusa kuɗinta ko ya zarce.

Wasu iyayen gidanmu ba kuɗin ne ke hana su ba, shakku ne ta fuskar addini. Waɗannan takaful nake nuna musu, wato inshorar da aka tsara bisa shari'ar Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a hanya kamar kowace.

Inda muke ta fama har yanzu shi ne sulhun bakin titi. Al'adarmu ce, kuma ga ɗan ƙwarzane ba na ganin laifinta: a kira fanalbita, ya yanka kuɗi, a yafi juna. Amma in ɓarnar ta yi girma, direban da ya amsa laifi nan take ya yi alkawarin biya ya ɗaure wa kamfanin hannu, kuma sharaɗin inshora ya hana haka ba da izininsu ba. Don haka kowane direbanmu yana da kwafin takardar a mota da hotonta a waya, asalin yana ofis. Umarnin da na ba su shi ne su fara kula da wanda ya ji rauni, su ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin, su kira ni, ni kuma in sanar da kamfanin a ranar, in bi sawun rahoton 'yan sanda.