Tsakuwa 17 a Birnin Damagaram

Daga Kano zuwa Zinder kilomita 240 ne ko kusa da haka, amma iyaka kan cinye wa matafiyi rabin yini. Mun bi ta Kazaure da Daura, aka tsayar da mu a Kongolam ana duba takardu, na canza naira zuwa sefa, sannan muka miƙe ta Matamaye. Da la'asar sakaliya muka fara hango duwatsun Damagaram, manya-manya masu sulɓi, wani a kan wani.

Abokina da muka yi karatu tare ne ya gayyace ni. Lissafi yake koyarwa a garin, kuma yana da ɗalibai da suka ƙwallafa rai a kan kombinatorik, fannin ƙirga hanyoyin da abubuwa za su jeru ko su haɗu. Da safe ya zaga da ni Birni: fadar Sarki, ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, da gidajen ƙasa masu zane a goshi. Garin nan shi ne hedikwatar Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da ita Yamai, kuma mutanensa ba sa bari ka manta.

Ba a aji muka yi zaman ba. A ƙofar gidan kawunsa aka shimfiɗa tabarma bayan magariba, aka ɗora shayi a kan gawayi. Kawun malamin zaure ne, mai rubuta hatimi, ya zauna gefe yana jan carbi kamar ba ruwansa.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Duk inda mutum 6 suka taru, dole a sami 3 da suka san juna, ko 3 da babu wanda ya san wani a cikinsu. Da mutum 5 ana iya kauce wa haka. In 4 ake nema, sai taro ya kai 18. In 5 ake nema, har yau ba a san adadin ba: Geoffrey Exoo ya nuna a 1989 cewa bai gaza 43 ba, Angeltveit da McKay suka nuna a 2024 cewa bai wuce 46 ba. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai kwamfuta sai ta gwada duka." Abokina ya sa shi ya ƙirga da kansa. Tsakanin mutum 43 akwai alaƙa 903, kowace ko sani ko rashin sani, wato a ninka 2 da kanta sau 903. Yaron ya ajiye alƙalami.

Sai na shiga dabarar Paul Erdős, ɗan ƙasar Hangari, ta shekarar 1947. Ɗauki mutum 1024. Ga kowane mutum biyu a jefa kwabo: kai sun san juna, gindi ba su sani ba. Cikin mutum 20 akwai alaƙa 190, kafin dukansu su faɗo fuska ɗaya sai an yi sa'ar da ba a taɓa gani ba. Ko ka tara wannan sa'ar a kan duk wata ƙungiyar mutum 20 da za a iya zaɓa, jimillar ba ta ko kusa da ɗaya. Ke nan akwai tsarin da babu irin wannan ƙungiya a cikinsa, kai, kusan duk wanda kwabo ya bayar haka yake.

A nan kawu ya ajiye carbi.

"Ɗana, ka ce akwai shi. To ina yake?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, hujjar ba ta nuna shi ba. Ta dai tabbatar yana nan."

"A'a. Ni in na ce hatimi ya fita, zana maka shi zan yi, ka tara ta kowane gefe ka gani."

Gaskiyarsa ce, kuma ba da sani ba ya taka ɗaya daga cikin manyan matsalolin fannin. Shekara kusan 80 ke nan ba a sami ƙa'idar da za ta gina tsari mai kyawun wanda kwabo ke bayarwa ba. Kamar a ce maka kasuwa maƙil take da gero, amma ka kasa auno tiya guda. Na tuna masa da Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi ma ƙa'ida ya bayar, ba kuri'a ba. Kawu ya gyaɗa kai.

Abokina ya aiki yaro ya tsinto tsakuwa 17. Muka jera su da'ira a kan rairayi, aka haska da fitilar waya, aka ba su lamba daga 0 zuwa 16. Doka guda ce: tsakuwa biyu sun san juna in tazararsu a da'irar 1 ce, ko 2, ko 4, ko 8. Ba da ka aka zaɓi lambobin ba. Ninka kowace lamba da kanta, ka raba da 17, ragowar da za ka riƙa samu su ne 1, 2, 4, 8 da abokan cikonsu 16, 15, 13, 9. Da wannan tsari Greenwood da Gleason suka nuna a 1955 cewa 17 ba su isa ba.

Wata ɗaliba ta durƙusa ta ɗora yatsa a kan 0 da 1, tana neman waɗanda suka san su duka biyu. Ta sami 2, da 9, da 16. Daga 2 zuwa 9 tazara 7, daga 9 zuwa 16 ma 7, daga 16 a zagayo zuwa 2 tazara 3. Babu wanda ya san wani, don haka 4 ba za su cika ba. Ta ɗago ta ce, "Malam, saura alaƙa 67." Abokina ya ce ba sai ta bi su ba: juya da'irar ko ninka lambobin da 2 yana mayar da kowace alaƙa kan 0 da 1, ninkawa da 3 kuma yana musanya sani da rashin sani. Dubawa ɗaya ta wadatar. Ni dai wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da hujjar kwabo, ko da yake in taro ya yi girma kwabon ne ke gaba.

Kafin shayi na uku na ba su labarin ɗaya gefen. Iyakar sama ta Erdős da Szekeres ta 1935 ta ce ga mutum 20 taron kusan biliyan 35 ya isa, ga 1024 a ƙasa, dubi faɗin tsakani. Sai a 2023 Campos da Griffiths da Morris da Sahasrabudhe suka fara rage ta da gaske.

Kawu bai damu da wannan ba. So yake a ƙaro tsakuwa a yi na mutum 5. Na ce da 37 dabarar tana ci, da 41 ta karye, shi kuwa tsarin mutum 42 kwamfuta ce ta lalubo wa Exoo.

Ya dubi yaron da ya tsinto na farko. "Kai, je ka ƙaro 20."