Ƙarfin gadon katako na cikin kwali yana wurin mahaɗarsa

Shekara shida ke nan ina kwana a kan gadon katako da ya iso mini a cikin dogayen kwalaye biyu, tare da ƙullin notuna da takardar zane mai nuna yadda ake haɗa shi. A tsawon wannan lokaci na kwance shi sau biyu saboda sauyin gida, na sake ɗaurawa, kuma har yau bai fara rawa ba. Wanda na yi amfani da shi kafin wannan kuwa bai cika shekara biyu ba ya soma ƙara da girgiɗi, alhali a ido ya fi wannan kauri da sheƙi. Na daɗe ina nazarin abin da ya raba su, har na gane cewa ba a kaurin katako amsar take ba.

Dabarar sayar da kayan ɗaki a warwatse ta daɗe. Tun 1859 wani mai ƙera kujeru, Michael Thonet, yake fitar da kujerarsa mai lamba 14 daga ƙasar Ostiriya, ana cusa guda 36 a warwatse cikin akwati ɗaya, sai sun isa inda za su a ɗaura su. A 1956 kuma wani ma'aikacin kamfanin kayan ɗaki na IKEA na ƙasar Suwidin, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun tebur domin ya shiga mota, daga nan kamfanin ya rungumi wannan hanya. Ke nan sauƙin jigila aka nema tun asali, kuma abin da aka sadaukar domin samunsa shi ne mahaɗar da kafinta kan sassaƙa, ya shafa gam, ya buga ta zauna har abada. An maye gurbinta da noti, wanda mai saye zai ɗaure da hannunsa.

Nauyin mai barci ba shi ne yake kashe gado ba, domin katako yana jure nauyin da ya sauko masa kai tsaye. Abin da yake cin gado shi ne motsin gefe: zama a bakinsa kullum, juyi cikin dare, tsallen yara, da jan sa a ƙasa lokacin shara. Duk wannan ƙarfi yana tarewa ne a kusurwa huɗu, inda dogon filanki ya haɗu da ƙafa. Idan ƙusa mai murɗi ce kawai ta shiga cikin itace a wurin, kowane motsi yana ɗan faɗaɗa raminta, har ranar da za ka murɗa ta ka ji tana juyawa ba ta kama komai ba. Gadona na yanzu dogon noti gare shi, wanda yake ratsa ƙafar ya shiga cikin wani guntun ƙarfe da aka binne a jikin filankin, don haka ƙarfe ne yake riƙe da ƙarfe, ga kuma turaku biyu na itace a gefensa da suke hana filankin murɗewa. Irin wannan mahaɗa ko sau goma aka kwance ta za ta koma yadda take.

Sai batun abin da aka yi gadon da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Tsohon gadona ba itace ba ne, ɓarɓashin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Irin wannan allo sau da yawa ya fi itacen fayin (pine) nauyi, saboda haka wanda ya ɗaga kwalin ya ji nauyi sai ya ɗauka ya samu abu mai ƙwari. Amma ƙusa ba ta samun jijiyar da za ta kama a cikinsa, kuma idan ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa. Hanyar ganewa ita ce a duba bakin filanki inda aka yanke shi: itace na gaske yana nuna zoben shekarunsa, na jabu kuwa ɓarɓashi yake nunawa, ko a tarar an rufe bakin da leda.

Itace na gaske ma yana da halinsa. Yana shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. Shi ya sa notin da aka ɗaure tamau yakan saki bayan yanayi ya sauya, ba don gadon ya lalace ba. Yawancin ƙarar da ke hana mutane barci daga nan take, ko kuma daga gogayyar sandunan da katifa ke kwanciya a kai, wadda ɗan shafa kyandir yake kashewa. Su sandunan, bai kamata tazararsu ta wuce kimanin santimita 7 ba, kuma gadon mutum biyu da ba shi da ginshiƙi a tsakiya mai ƙafar kansa ba zan saya ba, komai kyansa.

Rabin aikin kafinta yana hannun wanda ya buɗe kwalin, kuma tun ran gini tun ran zane. Ban ɗaure noti ko ɗaya har ƙarshe ba sai da kowane sashe ya zauna a gurbinsa, sannan na auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu, na tabbata awon ya zo daidai, kafin na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da hannu na ɗaure, domin injin murɗi yakan wuce kima ya murƙushe itacen da ke ƙarƙashin kan notin. Bayan wata guda na sake bin su, yanzu kuma sau biyu a shekara nake yi. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaurin da ya zo a cikin kwalin na manne shi a cikin filankin gefe, ƙarƙashin katifa, domin kada in neme shi in rasa.